Ranar da Kyaftin Orrin Ya Rataye Jirgi

Duk wanda ya ce muku Orrin Bascom ya iya tuƙin jirgin ruwa, ku tambaye shi a bakin wa ya ji. Zai ce a bakin Orrin. Ni kuwa Nadine, ƙanwar matarsa ce, tun ina budurwa nake cin abincin Kirsimeti a teburi ɗaya da shi, saboda haka ku ji daga gare ni.

Gaskiya ne ya yi sojan ruwa. Sai dai a wani sito aka ajiye shi, can tsakiyar ƙasa inda ko tafkin kirki babu, yana raba wa kurata safa da barguna. Da ya fito ya kama sayar da katifu har ya yi ritaya. Amma in ya buɗe baki a shagon aski, sai ka rantse shi ya koya wa teku hauka.

A garinmu Tolliver, nan jihar Indiana, abin taƙamarmu guda ne: guntuwar hanyar ruwan da kakanninmu suka haƙa da shebur, da madatsarta ta dutse mai ƙofa sama da ƙasa, inda ake rufe jirgi a ciki a rage ruwa har ya sauka daidai da hanyar ƙasa, da jirginmu na katako, Lucinda, wadda alfadarai biyu ke ja daga gaɓa. Mu masu kula da wurin dukkanmu 'yan sa-kai ne. Da zarar bazara ta shigo sai mu zuba tufafin mutanen da, wani ya zama maƙeri, wata mai saƙa, ni in zama matar mai gadin madatsa ina toya fanke a murhun itace, baƙi su yi ta ɗaukar mu hoto muna zufa. Lucinda kuwa da hannunmu muka ƙera ta, a rumbun marigayi mijina. Har yau in na shafa gefenta ina gane katakon da shi ya fere.

To bana, ana gab da babban bikinmu, sai Merle, wanda ke tuƙa ta tun ranar farko, ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu. Ga shi bikin ya zo daidai da ranar haihuwar Goggo Eudora, mai shekara casa'in da shida, wadda ta ba mu filin da muke bikin kyauta. Kakanta ne mai gadin madatsar na ƙarshe. Abu ɗaya ta roƙa: a sa ta a jirgi a sauke ta ta cikin madatsar, kamar yadda ya sauke ta tana yarinya.

Muka taru a ɗakin taro na coci muna kallon juna. Sai Orrin ya miƙe, ya gyara wando a kan tumbi.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Allah Ya so ku, akwai ɗan teku a cikinku."

Yayata Maxine, matarsa, ba ta ko ɗaga kai daga saƙarta ba. "Zauna, Orrin."

"Mutumin da ya ga igiyar ruwa mai tsayin cocin nan, wannan ɗan kwatamin naku ne zai gagare shi?"

"A ina ka gan ta?" na ce. "Cikin injin wankin barguna?"

"Ke Nadine, tsaya kan fankenki. Ana maganar maza."

Ya zayyana mana shirinsa. Wai irin tafiyar hawainiyar da Merle ke yi ita ta sa garin da ke gaba da mu ya fi mu baƙi. Shi zai ɗora 'yan badujala a kan rufin jirgi. A yanka kek a tsakiyar ruwa. Ya yi jawabi. Sannan in an iso madatsa, kowa ya ja da baya: shi kaɗai zai ɗaure jirgi, shi zai buɗe ruwa, shi zai tuƙa, kamar yadda jaruman kyaftin na da suke yi, in ji shi. Har ma ya riga ya kira gidan talabijin.

Doyle, mai kula da alfadarai, wanda magana ke yi wa wuya kamar cire haƙori, ya ce, "Ka taɓa riƙe sandar tuƙin ma kuwa?"

"Ruwa duk ruwa ne, Doyle. Kai dai riƙe jakunanka."

"Alfadarai ne."

"Ko ma mene ne."

Muka yarda. Ba don komai ba sai don babu wanda ya ɗaga hannu bayan shi, kuma mun san in muka ƙi, a ɗakin nan za mu tsufa yana ba mu labarin guguwa.

Ranar gwaji ya iso cikin kayan da ya yi oda: kwat shuɗiya ta ulu mai kauri kamar darduma, kafaɗu sun sha tuntayen zare ruwan zinariya, hula mai kamar an kife kwale-kwale da gashin jimina a kai, ga takobi yana jan ƙasa. Maƙerinmu ya ajiye guduma ya zauna don kada ya faɗi.

"Orrin," na ce, "masu jirgin nan garin masara da aladu suke ɗauka. Wa za ka yaƙa?"

"Kwarjini, Nadine. Ba za ki gane ba."

Ya ciro usur, ya je gaban alfadarai, wai daga yau da usur za su riƙa tafiya, busa ɗaya su tashi, biyu su tsaya. Ya busa. Deacon, namijin, ya lumshe ido ya ci gaba da barci a tsaye. Ya sake busawa. Pearl, macen, ta matso a hankali kamar mai biyayya, Orrin ya juyo yana mana murmushi.

"Kun gani? Dabba ta san shugaba."

Yana rufe baki ta cafke tuntun kafaɗarsa ta hagu ta tsige, ta hau tauna.

"Doyle! Ƙwace min! Ka san daga ina ya zo?"

"Ka jira gobe da safe," in ji Doyle. "Ka zo da shebur."

Gwajin tuƙin ma bai yiwu ba, domin ya ce kyaftin na gaske ba ya gwaji, gwaji na masu shakka ne. Maimakon haka ya zagaya jirgin yana taɓe baki, ya ce bencinan sun koɗe, ba za a nuna su a talabijin haka ba. Ashe da muka watse, jajibirin bikin, sai ya kwaso ragowar fentin da ya daɗe a garejinsa, kore shar, ya shafe su tas. Bai gaya wa kowa ba. Wai yana so ya ba mu mamaki.

Ranar biki gari ya wayi da irin zafin nan mai ɗanshi da ke sa riga ta manne a baya tun kafin a karya kumallo. Filin ya cika. Ana gasa masara, ana sayar da lemo da ƙanƙara, yara na wanke tsumma a kan allon wanki wai suna koyon rayuwar da, iyayensu na murna. Matar talabijin ta maƙala wa Orrin ɗan makirufo a wuyan kwat, shi kuma ya matsa sai da aka haɗa shi da lasifikokin filin duka, don kada wani ya yi asarar jawabin.

Aka turo Goggo Eudora a kujerarta mai taya, cikin farar riga da hular leshi. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Wannan wane ne? Mai gadin otal?"

"Goggo, Orrin ne. Kyaftin ɗinki na yau."

"Mai katifa? Wanda ya sayar min da wadda ta lotsa?"

"Ba ita ta lotsa ba, Goggo, gadon ne..."

"Ina ɗaya kafaɗar taka?"

Muka shigar da ita, na tsaya a bayanta ina riƙe da kujerar. Baƙi wajen talatin suka zazzauna, har da matar magajin gari cikin rigar siliki da ta ara daga gidan tarihi. Tsofaffin 'yan badujala suka hau rufi da ƙahonninsu. Maxine ta ajiye kek mai hawa uku a kan tebur a tsakiya. Sai matar magajin gari ta yunƙura za ta gyara zama, benci ya ce bai san zancen ba. Ta sake yunƙurawa, aka ji ƙiiii. Kowa ya gwada tashi. Kowa ya manne.

"Orrin," in ji Maxine a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro. "Me ka yi?"

"A jikin gwangwanin an rubuta yana bushewa da wuri."

"Gwangwanin da ka saya kafin a aurar da 'yarmu?"

"Jama'a, kowa ya zauna inda yake!" ya faɗa, muryarsa na amsa-kuwwa a filin. "Dokar jirgi ce, ba a tashi!"

"Da ma wa ya iya?" wani ya ce daga baya.

Ya busa usur, Doyle ya yi wa alfadarai ɗan tsaki, muka tashi. Hanyar ruwan nan miƙaƙƙiya ce, ko ka saki sandar tuƙi jirgin ya san hanya. Orrin sai da ya nemo mata kwana. Ya kai mu gaɓar dama muka kwashi reshen bishiya, ya maido mu ta hagu muka tarwatsa agwagi, ya ce wai yana gwada lafiyar jirgi ne. Daga nan ya ga kyamara ba ta samunsa da kyau a baya, sai ya ɗaure sandar da igiya ya haye rufi, ya ture mai ganga, ya juya wa hanya baya, ya zare takobi.

"Ya ku mutanen Tolliver! A yau tarihi ya..."

Akwai wata gada a tsakanin inda ake shiga jirgi da madatsa, gajera ce, ko ɗan shekara biyar a garin ya san ana sunkuya mata. 'Yan badujala suka kwanta rub da ciki ba tare da sun daina busa ba. Orrin kuwa gadar ta same shi a ƙeya. Lasifikoki suka ce ƙum! Hular ta tsaya a kan gada, shi ya zube a kan mai ƙaton ƙaho.

"Ya mutu?" in ji Goggo Eudora.

"A'a, Goggo, yana motsi."

"To."

Ya sauko yana dafe da kai, yana cewa da gangan ya yi don ya nuna wa yara haɗarin gada. Ni dai na ce a raina in aka tsaya nan, mun ci riba. Ba a tsaya ba.

Muka shiga madatsa bayan ya gwara hancin Lucinda a bango sau biyu, kowane gwarawa ina jin ta a haƙorina. Doyle ya kwance alfadarai, ya rufe ƙofar sama a bayanmu, ya ɗauko makullin ƙarfen da ake murɗa mafitar ruwa da shi. Orrin ya yi tsalle ya hau bango ya fizge makullin.

"Mun yi da ku, ni kaɗai. Koma wajen dabbobinka."

Doyle ya ɗaga kafaɗa ya tafi ba su ruwa. Jama'a sun yi dafifi a bangon madatsar hagu da dama. Orrin ya ɗauki igiyar bayan jirgi ya naɗa a turken dutse, ya ja ta tam, ya yi ta ƙullawa yana yi wa kyamara bayani.

"Wannan shi ake kira ƙullin ɗan teku. Ko giwa ba ta kwance shi."

Ni ina can gaba da Goggo, kawunan mutane sun tare ni, jin sa kawai nake yi. Da na ga abin da yake yi da na jefe shi da takalmi. Ruwa zai sauka, jirgi zai bi shi ƙasa, kai kuma ka ɗaure masa wutsiya a sama?

Ya ruga ƙofar ƙasa, ya murɗe mafitar ruwa har ƙarshe, ya soke makullin a ɗamara kusa da takobi, ya dawo ya diro cikin jirgi ya kama sandar tuƙi, ya ƙame yana kallon nesa. 'Yan badujala suka ɗauki taken murnar haihuwa. Ruwa ya fara sauka. Goggo Eudora ta miƙa hannu tana shafa jiƙaƙƙen dutsen bango yana wucewa sama.

"Ƙamshin nan," in ji ta, muryarta ta yi laushi. "Nadine, haka yake tun..."

Sai na ji kujerarta tana ja na gaba.

Hancin jirgin na sauka, bayansa na nan inda yake. Igiya ta miƙe tana kuka. Kek ya fara tafiya a kan tebur, a natse, kamar wanda aka aika. Maxine ta kai hannu, ya wuce ta, ya sauka a cinyar matar magajin gari. A kan rufi waƙa ta wargaje, ganga ta gangaro ta faɗa ruwa, mai ƙaton ƙaho ya bi ta da gindi yana kiran sunan matarsa, sauran suka rungume juna. Ni na tokare ƙafa a jikin tebur na ƙanƙame kujerar Goggo da iya ƙarfina. Baƙin nan talatin kuwa, da sun zube a kan juna kamar buhunan dankali, amma ko motsi ba su yi ba. Fenti ya riƙe su.

"Rufe ruwan!" Doyle ya taho a guje yana ihu. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Makullin! Jefo makullin!"

"Babu abin tsoro, jama'a!" in ji Orrin, yana rataye a sandar tuƙi, ƙafafunsa na zamewa. "Haka ake... haka jirgi yake yi wani lokaci!"

"Jefo, don ubanka!"

Ya zaro, ya jefa. Tsakaninsa da Doyle bai fi tsawon tabarma ba. Makullin ya bugi bango, ya ce tsulum.

Daga nan na ji katako ya fara tsagewa a baya, ƙara irin ta ƙashi. Katakon mijina. Na ce, "Maxine, igiyar!" Yayata, mace mai ciwon gwiwa wadda ba ta hawa matakalar gidanta sai da hutu, ta ɗauki wuƙar yanka kek, ta hau gangaren jirgin nan da rarrafe tana dafa kafaɗun mutane, ta isa inda igiya take ta hau yanka.

Orrin ya ga abin da take yi, ya leƙa ruwan da ke ƙasansa. Ya manta da abin da ke maƙale a wuyansa.

"Maxine! Maxine, kar ki yanke! Don girman Allah! Ban iya iyo ba! Kin san ban iya iyo ba!"

Ta fito ta kowace lasifika. Ta fito a wajen masu gasa masara, ta fito a rumfar maƙeri, ta fito har wajen ajiye motoci. Sai muryar wani abokinsa na shagon aski daga kan bango: "Ɗan teku?"

"Na sani," in ji Maxine, ta ƙarasa yankewa.

Bayan jirgin ya faɗo ya doki ruwa, ruwan ya tashi ya wanke mu duka. Orrin ya yi sama, kwat ta buɗe kamar fikafikan angulu, ya shige.

Ya ɓullo yana bugun ruwa, yana kururuwa a kira 'yan kwana-kwana, a kira jirgin ceto, a gaya wa 'yarsa ya yafe mata. Wani ya miƙa masa sanda ya kasa kamawa. Goggo Eudora, hular leshinta ta jiƙe ta rufe mata ido ɗaya, ta leƙa ta gefen jirgi.

"Kai mai katifa."

"Goggo, ina nutsewa!"

"Miƙe tsaye."

"Ina mutu..."

"Na ce miƙe tsaye, sakarai."

Ya miƙe. Ruwan ya tsaya masa a cibiya.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ana dariya ba. Na dai ga mai kyamara ya durƙusa yana riƙe ciki amma bai kashe ta ba. Orrin na tsaye cikin taɓo, ganyen ruwa a kunne, yana cewa a lura fa, a lura, ba a rasa rai ko ɗaya ba a ƙarƙashin jagorancinsa.

Fitar da baƙi ya fi komai wuya. Wasu sun bar bayan wandonsu a benci, wasu muka naɗa musu mayafan tebur suka tafi mota da baya-baya. Matar magajin gari ta watsa wa Orrin harara wadda ta fi zagi. Goggo Eudora kuwa, da muka turo ta kan tudu, matar talabijin ta kai mata makirufo ta tambaye ta yadda ta ji.

"Kakana ya sauke jirage a nan har ya tsufa," in ji ta. "Ya sauke mashaya, ya sauke mahaukata, ya taɓa sauke jirgin da akuya ce kawai a ciki. Bai taɓa ganin wanda ya rataye jirgi kamar wanki ba. Na gode wa Allah da Ya ja kwanana na gani. Yanzu a ba ni kek."

"Goggo, kek ɗin ya..."

"A kankaro min daga jikin waccan."

Lucinda ba ta sake shiga ruwa ba a bazarar nan. Bayanta ya tsage, muka jawo ta rumbu, ni da Doyle da maƙeri muka ƙare lokacin zafi muna cire katako muna sa wani. Wanda ya tsage cikin waɗanda mijina ya fere na kai shi gida. Ban yi wa Orrin magana ba har kaka ta shigo, ganyen bishiyoyi ya fara ja.

Shi kuwa ko a jikinsa. Sati bai cika ba ya koma shagon aski yana cewa dabarar fentinsa ce ta ceci mutum talatin, kuma ya kamata a ba shi lambar yabo. Ya zo taronmu na gaba, ya ce a shirye yake ya ci gaba da hidima, wane matsayi za a ba shi? Mun so mu kore shi, amma dokarmu ta ce ba a korar ɗan sa-kai. Sai Maxine ta ajiye saƙarta.

"Akwai gurbi a bukkar masu yin akwatin gawa," in ji ta.

A can ƙarshen filin muna da wata bukka inda ake nuna yadda kwalara ta kashe masu haƙa hanyar ruwan. Akwai akwatin gawa na katako a ciki, da mutum-mutumin roba da ɓeraye suka cinye wa hanci. Aka fitar da na roba, aka shafa wa Orrin gari a fuska, aka kwantar da shi, aka harɗe masa hannuwa a ƙirji. Aikinsa ɗaya: ya rufe ido, ya rufe baki.

Ranar farko na kawo ayarin baƙi, ina cikin yi musu bayanin annobar, wata mata har ta fara share hawaye, sai gawa ta buɗe ido ɗaya.

"Ba haka aka yi ba, Nadine. Bari in gaya musu. Ni da na ga kwalara a teku..."

Matar ta ƙwalla ƙara ta yi waje, sauran suka bi ta, ɗaya ya tafi da labulen ƙofa.

Yanzu Maxine ke zama kusa da akwatin da saƙarta, da murfin a jingine a gefenta, da guduma a cinya. Tun daga nan ba mu sake jin bakinsa ba a lokacin aiki. Amma in an tashi, ku je shagon aski, yana nan yana faɗa wa duk mai saurare cewa a faɗin jihar Indiana ba a taɓa yin gawa kamarsa ba. Wannan kam, karo na farko a rayuwarsa, ba wanda ya yi masa gardama.